Shekarar da Aka Yi wa Moto Haƙarƙari

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙofar kwano ba ta taɓuwa. Daminar da ta wuce ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya da ciki bai ida fid da kai ba, kafin watan azumi rumbuna sun koma sai ƙaiƙayi. Duk gidan da ka shiga a unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maraɗi, hirar ɗaya ce: wane ya tafi Agadas, wane ya wuce Libiya, wane an daina jin labarinsa. In mun haɗu wurin ɗiban ruwa mu mata, ba a tambayar mace ina maigida, don ba ka san wadda za ka sa kuka ba. Ni kuwa babanku yana gida, yana da sana'arsa, kuma ban san girman wannan ba sai da ta kusa kuɓuce mini. Abin da ya faru a wani mako na bazarar nan shi nake son in rubuta muku cikin kayen nan, wato littafin rubutu, da hannun da na koya a karatun manya. In kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba.

Sana'ar babanku ita ce ɗauko kayan lambu. Bayan sallar asuba ya nufi Jiratawa, inda ake ba lambuna ruwa ko da rani, ya ɗauko tumatir da zogale da tattasai ya kawo wa matan da ke kasawa a kasuwar Maraɗi. Da jaki ya fara, wani baƙi da muke ce wa Duna. Mangalar da yake zuba kayan, wato jaka biyu haɗe da ake rataya wa dabba ɗaya a kowane gefe, Babana ne ya saƙa masa ita, kakanku na Tsibiri, don akumari da mangala su ne sana'ar gidanmu. Da Duna ya mutu, babanku ya tattara abin da yake da shi ya sayi tsohuwar moto, babur ke nan. Ya ɗauki mangalar jakin ya ɗora mata, kamar yadda duk abokan aikinsa suka yi. Babu wanda ya ga laifin haka, har ni da aka haifa cikin kaba da igiya.

Tun makon farko mangalar ta fara zubewa. In an cika ta, sai gindinta ya lanƙwashe ciki. Jakar dama ta kwanta kan salansa, tumatir ya iso kasuwa rabi a dafe. Ta hagu kuma tana shafar wayoyin ƙafar baya, kana jin ta tana kar-kar-kar tun daga bakin lungu. Babu dabarar da bai yi ba. Ya ɗaure da igiya, ta saki. Ya cusa kwali, ya ƙone. Ya sa dutse a gefen da ya fi sauƙi yadda ake yi wa jaki, abin ya ƙaru. Ya sayo sabuwar mangala ta buhu a kasuwa, kwana shida ta koma kamar ta da. Wata maƙwabciyarmu ta ce baki ne, a nemo rubutu a yayyafa. An yayyafa.

Ranar wata Alhamis, a kan gudro, wato kwalta, daf da shigowa gari, jakar hagu ta shige cikin wayoyin gaba ɗaya. Ƙafar baya ta tsaya cak. Wasu 'yan kabu-kabu masu haya da moto suka kawo mini shi, ƙwaurinsa na dama ya ƙone a salansa, rigarsa ja wur. Na ɗauka jini ne, na zube ƙasa ina salati. Shi ne daga inda yake kwance ya ce da ni:

"Tashi, ke. Tumatir ne. Nawa jinin bai kai haka yawa ba."

Da la'asar wansa ya zo, baffanku Hamisu. Daga madafa ina jin su. Baffanku ya ce akwai mota mai tashi Agadas Alhamis mai zuwa, ya kama masa wuri, kuma ya samu mai son moton a yadda take.

"Kai kaɗai ka rage cikin sa'o'inka kana goyon tumatir. Yau ƙwauri ne, gobe wuya. Tafi ka yi shekara biyu ka dawo mutum."

Na jira in ji babanku ya ce a'a. Sai na ji ya ce, "To, Yaya." Ke babbar, da ba na faɗin sunanki, kina shekarar farko a lakwal, makarantar boko, ƙanenki yana goye, na ukunku yana ciki wata huɗu. Na ci gaba da tuƙa tuwo har ya yi tauri ban sani ba.

Ranar Asabar iyayena suka zo dubiya daga Tsibiri. Baba a lokacin ya shekara tara idonsa a rufe. Inna ta yi wa surukinta sannu daga bakin ƙofa, ta wuce ɗakina ta haye gado kamar yadda ta saba. Sai na gaya muku labarin gadon nan, don ba ku tarar da shi ba. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, kore, irin na da, mai nauyi. Shekara bakwai Inna tana suyar ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa kafin ta saya mini shi, tun ina 'yar talla. Ranar da aka kawo ni gidan nan, a gaban amalanke aka ɗora shi don kowa ya gani. In ta zo, takan shafa ƙafarsa da gefen zane ko da babu ƙura.

Baba kuwa yana tsakar gida kan tabarma. Babanku ya ɗingiso ya durƙusa nesa da shi, kai a ƙasa, ya gaishe shi. Baba ya amsa, ya yi masa addu'a, sai ya ce:

"Ina dabbar?"

Muka dubi juna. Ya ce, "Wadda ta kada shi. Ku kai ni in gaishe ta."

Na kama sandarsa na ja shi zuwa gindin dalbejiya inda moton take jingine. Bai taɓa hawa moto ba a rayuwarsa, bai kuma taɓa ganin wannan ba. Ya ajiye sandar, ya ɗora tafukansa biyu a kan kujerar. Daga nan ya fara binta. Na sha ganin Baba yana duba jakin da aka kawo a yi wa akumari, tun daga wuya har gindin wutsiya, yana magana da shi ƙasa-ƙasa. Haka ya yi mata, ba ragi. Ya shafa inda ake ɗora kaya, ya sauko da hannuwansa ta gefe biyu, sai suka wuce cikin iska suka kusa haɗuwa a kan tayar. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake.

"Subhanallahi. Wagga dabba ba ta da ciki! Ku duka Maraɗi babu wanda ya lura?"

Ya juya inda yake jin numfashin babanku. "Ɗana, mangala ba igiya ka riƙe ta ba. Cikin jaki ka riƙe ta. Haƙarƙarinai shi ka ture ta waje, ta zamna ta buɗe. Kun ɗauko rigar mai ƙiba kun sa ma ramamme, kuna ta zagin tela."

Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Wata biyar maza masu ido suna kewaya moton nan, masu gyara sun duba, malamai sun yi rubutu. Tsoho makaho ya zo, kafin ruwan da na ɗora ya tafasa ya gano. Na tsaya ina kallon hannuwan nan, masu kaushi, yatsun sun karkace saboda saƙa, kamar ban taɓa ganinsu ba, alhali su suka yi mini wanka ina ƙarama lokacin da Inna ta yi jinya.

Baba ya ce wa Inna ta koma gida ita kaɗai, shi yana da aiki. Ya ce wa babanku kada a taɓa moton sai ya gama da ita. Kun san suruki, ba a ce masa a'a. Babanku ya ce to, amma bai ce ya fasa tafiya ba, jakarsa ma tana nan ɗaure a bayan ƙofa.

Lahadi aka samo wa Baba tsumagun itacen geza ɗanyu. Ya jiƙa su, ya zauna ya miƙe ƙafa, yana tanƙwara su a gwiwa. Na tambaye shi da me yake awo. Ya ce da Duna. Jakin da ya fi wata biyar da mutuwa, wanda bai taɓa gani da ido ba, sau biyu kawai ya shafa shi. Ya lanƙwasa na dama guda biyu ya ajiye, ya ci abinci, ya yi sallar azahar, sannan ya yi na hagu. Da ya gama na ɗauka na ɗora su kan juna don in gani. Wallahi, ɗiyana, kamar a ce tsumagiya ɗaya ce aka tsaga huɗu. Ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Na ce, "Baba, ya aka yi?" Ya ce shi ma bai sani ba, hannun ne ya riƙe, shi dai bawa ne.

Amma geza ba ta jure zafin salansa, dole sai ƙarfe. Litinin da safe wani abokin aikin babanku ya tura mana moton, ni kuma na ja Baba zuwa rumfar Ila mai walda a bakin gudro. Ila ya karɓi tsumagun yana juya su.

"Tsoho, tarkon kurciya za mu yi, ko kwandon kaji?"

"Haƙarƙari za ka yi, in ka iya. In ba ka iya ba hwaɗa mini, in tahi wurin maƙerin ƙwarai."

Masu zama a rumfar suka kwashe da dariya. Ila ya tsuguna ya kara tsumagun a jikin moton don ya nuna mana ba za su yi ba. Sai dariyarsa ta tsaya. Sun kauce wa salansa da faɗin yatsa uku, sun kauce wa sarƙa, sun bar wurin da mai tuƙi zai sauke ƙafa. Ya zagaya ɗaya gefen ya kara, ya dawo. Ya cire baƙin tabaransa ya kaɗa hannu a gaban fuskar Baba. Baba ya ce, "Bar kora mini ƙuda, yaro, ba ni gani."

Ila ya sauke murya ya ce aikin zai yiwu, amma ba shi da ƙarfen. Rodin gini ya yi nauyi, zai karya bayan moton cikin rairayi. Bututun da ake sayarwa yanzu kuwa gwangwani ne, kana lanƙwasa shi yana ɓarewa. Abin da ake so bututu ne mai kauri marar nauyi, irin na tsofaffin gadaje, kuma rabonsa da samun irinsa ya fi shekara, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe. Ya ce a ba shi wata ɗaya ya cigita.

Kwana uku suka rage mana.

A hanyar dawowa Baba yana bayana riƙe da sanda har muka shigo lungunmu. Nan ya ja sandar, na tsaya.

"Ni ban ce miki komi ba, kin jiya? Uwarki shekara bakwai ta yi gaban wuta."

Na ce na ji, Baba.

"To. In kuwa kin yi, kar ki ce don ni."

Talata da safe babanku ya tafi gidan likita a wanke masa ƙwauri. Yana fita na sauke katifa, na kwance rumfar, na kira mai amalanke. Ban yi kuka ba, ban kuma yi shawara da kowa ba, don na san duk wanda na tambaya zai hana ni, kuma da gaskiyarsa. Sai da Ila ya ɗora zarto a kan koren fentin nan na juya baya. Baba yana zaune kan benci, ana miƙa masa kowane ƙarfe in ya huce. Ya shafa, ya ce a ƙara nan, a sassauta can. Guda ɗaya sau huɗu yana mayar da shi. Ila da ya fara da tsoho, kafin azahar ya koma cewa Baba, kafin la'asar yana cire takalmi in zai miƙa masa ƙarfe.

Ga abin da nake so ku riƙe. Na san kun taso kuna ji a bakin dangina cewa babanku ya sayar da gadon matarsa ya gyara moto. Bai sayar ba, bai ma sani ba. Da ya dawo ya ɗaga labule ya ga katifa a ƙasa, sai ya juyo ya ce:

"Me kika yi mini haka? Da wane ido zan dubi Inna?"

Na ce gado dai na kwana ne, ni kuma ban ga amfanin gado mai rumfa ba in ni kaɗai zan kwana a kansa shekara biyu, ko fiye, ko har abada. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Ya saki labulen ya fita. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda ni na yi ba, cewa take ina rufa wa miji asiri. Ta ci gaba da zuwa gidan nan, tana ɗaukarku tana yi muku wasa, amma a tsakar gida take zama. Ba ta ƙara taka ɗakina ba. Babanku ya hana ni in yi ta rantsuwa, ya ce gara ta riƙe shi da ta riƙe ɗiyarta. Shekara ashirin da wani abu yana gaishe ta a durƙushe tana amsawa da baki ɗaya.

Wannan duk daga baya ne. Ranar Laraba aka kawo moton, da haƙarƙari kore biyu a kowane gefe, ta yi ciki kamar macen jaki mai shirin haihuwa. Baba ya kwance tsohuwar mangalar ya sake ɗinke bakinta, ya ɗora, ya ɗaure da kansa. Ya ce wa babanku ya je Jiratawa ya cika ta fiye da yadda ya saba. Babanku ya ce ƙafarsa ba ta warke ba, Baba ya ce ba da ƙwauri ake tuƙi ba. Ya hau, fuskarsa a ɗaure, ko kallona bai yi ba.

Baffanku Hamisu ya iso da hantsi tare da mai sayen moton, suka tarar ba ta nan. Suka zauna zaure suna jira. Ni ina tsakar gida ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Rana ta take. Lungunmu kuwa ƙarar moto ba ta yankewa, 'yan kabu-kabu suna ta kai da kawo, kowace ta taho sai in ɗaga kai in dubi ƙofa. Baba yana jingine da bango kamar mai barci. Can sai ya ɗaga yatsa.

"Ga shi nan. Ya kawo wajen masallaci."

Ni ban ji komai ba sai hayaniyar gari. Ya karkata kai ya ƙara saurare.

"Ta zamna. Ba ta jan hagu. Kuma ya yi mata lodi, ja'irin."

Sai da na ƙirga numfashi kusan ashirin kafin in ji ƙararta, sannan ta shigo. Mangalar tana tsaye a buɗe, cike har baki, zogale yana leƙowa ta sama, gefe da gefe daidai kamar an auna da sikeli. Baba ya miƙe ba sanda, ya laluba ya zura hannunsa har gwiwa tsakanin jakar da tayar, ya fito da shi. Ya zura a gefen salansa, ya ɗauko tumatir ɗaya daga can ƙasa ya kara a kumatunsa.

"Sanyi ƙalau," ya ce, ya miƙo mini.

Babanku bai sauka ba. Ya ce tun daga Jiratawa yake jiran ya ji kar-kar ɗin nan, bai ji ba, har ya tsaya sau biyu ya duba ko kayan sun zube ne. Ya ce a bakin lambu masu moto shida suka kewaye shi suna tambayar wanda ya yi masa. Baffanku ya fito daga zaure, ya zagaya moton, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa.

"To, an yi mata kwalliya, sai ta ƙara daraja. Sauka mutumin ya gani, gobe da asuba motar za ta tashi."

Babanku ya dubi koren ƙarfen. Sannan ya ce:

"Yaya, ka ba wani wurin. Wannan ba tawa ba ce ni kaɗai yanzu, ba ni da ikon sayar da ita."

Baffanku ya yi faɗa sosai, har ya ce mace ta ɗaure shi da ƙafar gado. Baba ya ce daga inda yake, "Da haƙarƙari dai, ƙafafun suna wurin Ila." Mai sayen moton ne ya fara dariya, ya yi sallama ya tafi. Ni na shige madafa da tumatirin nan a hannu, na rasa abin da zan yi da shi, na zauna ina ta hamdala.

Washegari na tashi daga kan katifa a ƙasa, bayana yana ciwo. Ina jin babanku ya tayar da moto ya nufi Jiratawa. Da na share ɗaki sai na ga ramuka huɗu a daɓe, inda ƙafafun gadon suka zauna shekara takwas. Na kwaɓa yumɓu na cike su, na shafe da bayan ludayi. Na goya ƙanenki, na kama sandar Baba, muka shiga motar Tsibiri. Mun tarar da Inna a gaban kasko tana juya gyaɗa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Baba, ta ce lafiya da sassafe haka?

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Sauke kaskon kada ya ƙone, magana na zo da ita."